Inda harsashi ke sauka

A jikin kwalin ƙaramin harsashin nan da ake kira .22, kamfanoni da dama na buga gargaɗi cewa yana iya yin lahani har nisan mil ɗaya da rabi, wato kimanin kilomita 2.4. Nauyin dalmarsa bai wuce giram 2.6 ba, kaurinsa bai kai milimita shida ba. Manomin Jazira a Sudan zai fi kowa gane wannan nisa. Nimra guda, wato yankin gona mai fadan 90, tsawonta mita 1,350 ne, faɗinta mita 280. Ke nan wannan ɗan harsashi, wanda masu manyan bindigogi ke yi wa kallon abin wasan yara, zai ƙetare tsawon nimra gaba ɗaya, ya ci mafi yawan ta gaba da ita, kafin ya faɗi.

Kamfanin Stevens na Amurka ne ya fito da shi a 1887, kuma har yau shi ake harbawa a gasar mita 50 ta wasannin Olamfik, inda da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta milimita 10.4 ne kacal. A shekarun baya-bayan nan wata gasa ta yaɗu a Amurka da Turai da Ostireliya, inda ake harbin faifan ƙarfe da shi daga mita 100 zuwa 300, wani lokaci har fiye. Dalilin son sa a bayyane yake: yana da araha, ba ya tokarin kafaɗa, ƙararsa kaɗan ce. Amma babban dalili shi ne rauninsa. Duk wahalar da babban harsashi ke sha a mita dubu, wannan yana shan irinta a mita 300, don haka mai koyo zai ga ilimin tafiyar harsashi ƙuru-ƙuru a ɗan fili.

Farkon wannan ilimi shi ne harsashi ba ya tafiya a miƙe. Daga lokacin da ya bar bakin bindiga ƙasa take jan sa, kamar yadda take jan duk abin da aka saki, kuma abin da aka saki yana faɗuwa kusan mita biyar a sakan na farko. Galileo ya bayyana wannan lanƙwasa tun 1638. Harsashin gasa na fita da gudun kimanin mita 330 a sakan, iska na rage masa gudu a hanya, sai ya ɗauki sama da sakan guda kafin ya kai mita 300. In an daidaita saitin bindiga a mita 50, a mita 100 harsashi zai sauka ƙasa da inda aka auna da kimanin santimita 20. A mita 200 kimanin mita ɗaya da rabi. A mita 300, wato faɗin nimra da ɗan ɗori, fiye da mita huɗu. Mai harbi yana kallon faifan, bakin bindigarsa kuwa yana kallon sama da shi nesa.

Daga nan duk shirin bindigar ya samo asali. Bindigar kanta, ko CZ 457 ta ƙasar Cek, ko Tikka ta Finlan, ko Anschütz ta Jamus, yawanci mai kai harsashi ɗaya-ɗaya da hannu ce, mai bututu mai kauri da ba ya rawa. A cikin bututun akwai tsaga masu murɗewa da ke juya harsashi sau ɗaya a kowace santimita 40, don ya tafi da kansa a gaba. Ana ɗora mata madubin hange mai maɓallin murɗawa a sama da gefe. A madubai da yawa, kowane ƙas ɗaya na maɓallin yana matsar da harbi santimita ɗaya a mita 100, santimita uku a mita 300. Lissafa da kanka: kafin a cike giɓin mita huɗu da wani abu, sai an murɗa kusan sau 150. Madubai da yawa murɗinsu kan ƙare kafin nan, shi ya sa ake ɗora su a kan gindi mai ɗan gangare zuwa gaba, wanda ke ba da rarar murɗi tun daga farko.

Akwai kuma ɗan awon ruwa irin na magina da ake maƙala wa madubin. Wanda bai sani ba zai ɗauka ƙawa ce. Amma tunda harsashi hawa yake yi ya sauko, in bindiga ta karkata digiri ɗaya tak, a mita 300 harbin zai kauce gefe da kusan santimita tara. Ido ba ya ganin karkatar digiri ɗaya. Ƙafafu biyu a gaba da ɗan buhun yashi a ƙarƙashin gindin bindiga su ke riƙe ta, kunamar kuwa ana sassauta ta yadda yatsa ba zai girgiza komai ba.

Wurin zaɓen harsashi ne 'yan gasa suka fi ba ni mamaki. Mutum zai zaci mai gudu ya fi, su kuwa mai sanyin gudu suke nema. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan in zafin iska digiri 20 ne. Harsashin da ya fita da gudun da ya ɗara na sauti, ya kuma rage gudu a hanya ya dawo ƙasa da shi, yakan sha tangal-tangal a wannan tsakani, iska kuma ta fi ture shi. Saboda haka kamfanoni irin su Eley na Ingila da Lapua na Finlan ke yin harsashin gasa da bai kai gudun sauti ba tun daga fita. Abin da ake biya da tsada shi ne daidaito, wato kowane harsashi ya fita da gudun ɗan'uwansa. Bambancin mita goma a sakan tsakanin harsashi biyu na iya raba su da fiye da santimita 20 a mita 300. Don haka ɗan gasa kan gwada kwali-kwali da na'urar auna gudu, in ya dace da rukunin da bindigarsa ke so, ya sayi mai yawa ya ajiye.

Sai iska, wadda ba a saye kuma ba a murɗawa tun daga gida. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa, wadda ba ta wuce ta kaɗa ganyen dawa ba, tana ture wannan harsashi kimanin santimita 40 a mita 200. Zafi ma yana da nasa hannun: iska mai zafi ba ta kai mai sanyi kauri ba, harsashi ya fi ratsa ta, albarushi kuma ya fi saurin ci. Lissafin da aka rubuta da sanyin safiyar Disamba a Sinnar ba zai yi aiki da tsakar ranar Mayu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ranar guguwar habub kuwa ba a ma fara magana.

Duk wannan ɗawainiya don mutum ya san inda giram biyu da rabi na dalma zai sauka. To, a ɗauki wannan a kai gidan biki.

A Sudan, daga Mai Wurno zuwa Damazin, daga kanabi, wato sansanonin 'yan ƙwadagon Jazira, zuwa unguwannin Wad Madani, ba baƙon abu ba ne a ji ruwan harbi ranar ɗaurin aure, ko ranar fitar sakamakon jarrabawa, ko in labarin nasara ya iso. Mai harbin ya ɗaga bindigar kalash sama, a zuciyarsa harsashi ya tafi ke nan. Harsashin kalash nauyinsa kusan giram takwas ne, ninki uku na .22, yana fita da gudun sama da mita 700 a sakan. Wani jami'in sojan Amurka, Julian Hatcher, ya rubuta a littafinsa na 1947 sakamakon gwajin da aka yi da harsashin bindigar soja da aka harba sama a miƙe: ya hau kimanin mita 2,700 cikin sakan 18, ya dawo ƙasa kafin minti ya cika, da gudun kimanin mita 90 a sakan. Likitoci na ƙiyasta cewa mita 60 a sakan ya isa ya fasa ƙoƙon kai.

Wannan ma shi ne mai sauƙin. Harsashin da ya hau a miƙe yana tsayawa cak a ƙoli, ya sauko sau da yawa da gindi ko yana wuntsilawa, iska ta rage masa ƙarfi. Amma wa ke riƙe bindiga a miƙe da hannu ɗaya a tsakiyar rawa, tana zabura a kowane harbi? Yawancin harsasan a karkace suke fita. Irin wannan bai taɓa tsayawa ba, bai daina juyawa ba, da tsininsa yake saukowa, da gudun da ya fi na wanda ya hau a miƙe nesa. Kusurwar da ta fi kai harsashi nisa tana wajen digiri 30 ne, daidai yadda hannun da ya gaji ke saukowa. Na kalash a haka yana wuce kilomita biyu, ya faɗa ƙauyen da ko kiɗan bikin ba a ji. A wani asibiti na birnin Los Anjeles, likitoci sun ƙirga mutum 118 da harsashi mai faɗowa ya sama tsakanin 1985 da 1992. Kashi 77 cikin ɗari a ka ya same su, kusan ɗaya cikin uku ya rasu. A ƙasar da ake fitar da gadon angarib tsakar gida a kwana saboda zafi, ɗakunan kuma rufinsu ciyawa ne ko kwano, babu abin da ke tsakanin mai barci da sararin sama.

Masu cewa al'ada ce ina ganin sun haɗa abu biyu. Gaskiya ne Bahaushe ya daɗe yana murna da ƙarar bindiga. 'Yan bindigar sarki a hawan salla na Kano da Katsina sukan cika gari da ƙara da hayaƙi, amma albarushi suke ɗurawa su toshe, babu dalma a ciki. Mutanen Mai Wurno kuwa ba sa buƙatar a gaya musu bambancin ƙara da harsashi. Kakanninsu sun baro Burmi ne bayan 27 ga Yuli 1903, ranar da bindigogin Turawa masu cin dogon zango suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru da ɗaruruwan mutanensa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar zuwa gabas har bakin Shuɗin Nilu. Abin da ya canja a zamaninmu shi ne irin bindigar da ke hannun mai murna, da yawanta. Cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan biyu da rabi a hannun farar hula a Sudan. Wannan kafin rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 ne, kafin kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, wanda ya shiga Wad Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024.

Ɗan gasa, kafin ya tambayi ina faifan yake, yakan tambayi mene ne a bayansa. A filin gasa ba a sa harsashi a bindiga sai alƙali ya ba da izini, ba a ɗaga bakinta sama da tudun da ke ƙarshen fili, kuma wanda ya saki harbi ba da niyya ba ana fitar da shi daga gasar ko da bai taɓa kowa ba. Wannan tambaya ta fi nauyi a Jazira fiye da wurare da yawa, domin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, shi ya sa ma ruwan madatsar Sinnar ke ratsa ta da kansa tun 1925. In ka bar irin su Jabal Moya, babu dutse ko tudun da zai tare harsashi. Baƙar laka in ta bushe ta yi tauri, ita da fuskar ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwa, dukansu suna sa harsashin da ya zo a kwance ya yi tsalle ya canja hanya, kuma dalmar .22 mai sanyin gudu ta yi ƙaurin suna wajen wannan. Duk ƙungiyar matasa ko maharban da ke son kafa wurin gwajin saiti a nan, bayan lasisin da dokar makamai ta 1986 ta wajabta, aikinsu na farko na tara ƙasa ne: tudu mai tsayin mita da dama a bayan faifan, mai taushi, marar duwatsu, da fili a bayansa wanda babu gona, babu hanyar makiyaya, babu kambon 'yan ƙwadago har iyakar nisan da aka rubuta a jikin kwalin.