Abin da ya kamata ku sani: amfanin daɗewar yaro a ƙungiyar matasa

A Parakou da Djougou, da an yi la'asar matasa kan watsu. Wasu filin ƙwallo, wasu wajen 'yan sikawut, wasu ƙungiyar masallaci ko ta unguwa, wasu kuma gindin bishiya da butar shayi da waya a hannu. Iyaye da yawa kuɗin goro suke yi musu, su ce duk ɓata lokaci ne. Alhali akwai bambanci babba, kuma ana gane shi ta tambaya biyu: an ɗora wa yaron wani nauyi? Shekara nawa ya yi a ciki?

Tarbiyya ta hanyar ƙungiya ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Zangunan da Hausawa suka kafa a wannan yanki sun samo asali ne daga fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, kuma Djougou babban masauki ne a kan hanyar. Ayari yana da madugu, da jagaba, da uban dawaki, da malami, kuma ba wanda ya taɓa kwana ya tashi madugu. Sai ya yi shekaru yana ɗaure kaya yana kallon yadda manya ke sasantawa da sarakunan hanya. A garuruwa kuma akwai sarkin samari mai kiran gayya. Wannan tsari ne Seyni Kountché ya farfaɗo da shi a Nijar da sunan samariya bayan ya karɓi mulki a 1974. Sikawut ɗin da Baden-Powell ya soma a Ingila a 1907 ma a kan haka aka gina shi: yara shida zuwa takwas, ɗaya daga cikinsu shi ne shugaba, babba yana gefe yana lura.

To, me shekarun ke yi? A shekarar farko yaro bi kawai yake yi. Yana koyon zuwa a kan lokaci, da yin shiru in wani na magana, da shan kaye a wasa ba tare da ya ɗauki dutse ba. Sai a ta biyu ko ta uku ake miƙa masa wani abu.

Ɗauki ƙaramin kulob na ƙwallo a unguwar Albarika ko Zongo a Parakou, wanda aka gayyata wasa a Djougou, tafiyar kilomita ɗari da talatin da 'yan kai. Ma'aji ɗan shekara 16 ne, da littafi mai bango shuɗi, yana bin 'yan uwansa dala ashirin-ashirin duk mako. Dole ya rubuta wanda ya biya, ya san yadda zai tunkari abokin da ya yi mako uku bai kawo ba ba tare da abota ta lalace ba. Wani zai je tasha ya yi ciniki da direba. Magatakarda zai rubuta takarda da Faransanci zuwa ga mai unguwa, ya sake ta sau biyu saboda kuskure. Kyaftin kuma shi ne zai gaya wa yara huɗu cewa babu kujerarsu a mota, a cikin ƙungiyar da wani Dendi yake ji, wani Bariba, wani Fulatanci, wani Hausa. Ranar dawowa kuɗi ya gaza da jaka biyu, ma'aji ya tsaya gaban kowa ya yi bayani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake tambaya a jarrabawar BEPC, amma su ne abin da mai shago a kasuwar Arzeke ke dubawa kafin ya bar wa yaro makulli.

Masana ma sun bibiyi lamarin. A Amurka, jami'ar Tufts ta soma wani bincike a 2002, ta bi matasa sama da 7,000 shekara da shekaru, ciki har da 'yan ƙungiyar matasa ta 4-H. Abu uku suka fi jaddadawa: babba mai kirki da yaro zai daɗe tare da shi, aikin da ke koyar da wata ƙwarewa, da damar jagoranci ta gaske. Amurka daban, yankinmu daban, amma duk wanda ya taɓa koyon ɗinki ko kanikanci wurin maigida ya san zancen haka yake.

Shi ya sa ban cika ba taron bita na kwana uku muhimmanci ba, irin wanda ake raba riga da hula da kuɗin mota a watse. Yana iya buɗe ido, amma hali ba ya canzawa a kwana uku. Haka yaron da ke tsalle daga wannan ƙungiya zuwa waccan duk wata shida: kullum sabon shiga ne, ba a taɓa ba shi amana ba.

'Yan mata su aka fi cuta a nan. Da yarinya ta kai shekara 13 ko 14 sai a ce ta zauna gida, daidai lokacin da za a fara ba ta muƙami. Damuwar iyaye gaskiya ce, maganinta kuwa ƙungiyar da mata manya ke kula da ita, wadda ke taro da rana a wurin da kowa ya sani.

Ba kowace ƙungiya ce ta alheri ba. Akwai wadda ɗan siyasa ke tunawa da ita sai zaɓe ya matso, akwai wadda shugabanta ɗaya ne tun kafuwarta, shi ne ma'aji shi ne magatakarda. Kafin ku bar ɗanku ya shiga, ku je da kanku ku ga babban da ke kula da su, ku tambayi unguwa halinsa. Ku nemi ganin littafin kuɗi. Ku ji ko ana sauya shugabanni, ko ana sassauta taro in jarrabawa ta zo, ko ana tsayawa in an kira salla. In kun gamsu, ku bar shi ya daɗe. Ranar da ya dawo ya ce an yi faɗa zai fita, kada ku yi saurin cewa to. Ku tambaye shi abin da ya faru, ku tura shi taron mako mai zuwa.