Kyamarar Gado: Kafin a Miƙa wa Ɗan Gwangwan

A garuruwan ƙasar Gumel, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar da Maigatari, akwai gidajen da idan aka yi rasuwa aka fito da kayan mamaci don rabon gado, sai a tarar da wata baƙar jakar fata a ƙasan adaka. A cikinta akwai kyamara mai nauyi irin ta da, da gilasai biyu ko uku, da fitilar ɗaukar hoto, da ƙunshin nagetif a ambulan da ta yi ja don daɗewa. Wani mamacin mai hoto ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan keke yana zaga gidajen biki da suna. Wani malamin makaranta ne ko tsohon soja, wani kuwa tsarabar aikin hajji ce ya sayo a Jidda. Masu rabo sukan ƙiyasta gona da shanu da buhunan riɗi ba tare da sun bar ko kwabo ba, amma da an zo kan jakar nan sai a ce a ba yara su yi wasa, ko a ajiye wa ɗan gwangwan.

Shi ɗan gwangwan nauyi yake saye, sikeli ne alƙalinsa. Wanda ya fi shi haɗari shi ne dillalin da ya san kan kayan, ya zo da fuskar tausayi. Zai juya kyamarar a hannunsa, ya taɓe baki, ya ce, "Hajiya, ai wannan zamaninta ya wuce, wa ke wankin hoto yanzu? Don dai marigayi mutumina ne, ga na goro." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Wankin hoto ya mutu a wurinmu tun da wayar hannu ta shigo, kuma kamfanin Kodak da kansa ya nemi kariyar kotu saboda bashi a watan Janairun 2012. Abin da dillalin ya ɓoye shi ne kasuwar ta farfaɗo a wasu wuraren. Matasa a Turai da Amurka da Japan, har da wasu a Legas da Abuja, sun koma ɗaukar hoto da fim, har kamfanin Leica ya dawo da ƙera samfurin M6 a 2022, Pentax kuma ya fitar da sabuwar kyamarar fim a 2024. Tsohuwar kyamara mai lafiya tana da masu nema.

Akwai kuma asara ta ɗaya ɓangaren, wadda waya ke jawowa. Yaro zai buga sunan kyamara a intanet, ya ci karo da labarin wata Leica da aka yi gwanjonta a Jamus a watan Yunin 2022 kan Yuro miliyan 14.4, sai gida ya ɗauki zafi, kowa ya fara lissafin kujerar Makka. Waccan kyamarar tana cikin 'yan ƙalilan ɗin da aka ƙera na gwaji a 1923, kuma ta Oskar Barnack ce, mutumin da ya ƙirƙiro Leica. Ba irinta ce a adakar baba ba. Mafarkin miliyoyi yana sa magada su ƙi tayi mai kyau, su riƙa zargin juna da ɓoye kuɗi, kuma shi ke buɗe wa ɗan damfara ƙofa.

To mene ne a jakar? Sai a karanta sunan da ke goshin kyamarar da lambar samfurinta, a kuma karanta rubutun da ya kewaye bakin gilashin. Idan Zenit ce ko Lubitel, na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ko Seagull ta ƙasar Sin, an ƙera su da yawan gaske, kuɗinsu kaɗan ne ko da suna aiki. Ƙananan kyamarorin roba da ake saye don biki galibinsu haka suke. Na tsakiya su ne na Japan: Pentax K1000 da aka ƙera daga 1976 zuwa 1997, Canon AE-1 da ta fito a 1976, Yashica FX-3, Olympus OM-1, Minolta X-700, Nikon FM2. Su ne ɗalibai da masu sha'awa suka fi nema. Wasu daga cikinsu miliyoyi aka ƙera, don haka ba za su sayi gida ba, amma mai lafiya ta ninka abin da ɗan gwangwan zai bayar sau da yawa. Mai ido biyu a gaba, wadda ake leƙawa ta sama, idan Yashica Mat-124G ce tana da daraja, idan kuma Rolleiflex ce ta Jamus sai a ƙara nutsuwa. Leica da Hasselblad su ne a sama, amma nan ma da tarko: an daɗe ana ɗaukar Zorki da FED na Sobiyet a goge sunansu a zana Leica, wani lokaci har a shafa musu ruwan zinariya. Wadda ta cika ƙyalli ita ce abar tuhuma.

Kada a raina gilasai. Sau da yawa gilashi guda ya fi jikin kyamarar tsada, domin masu kyamarar zamani suna ɗaura tsofaffin gilasai a kan nasu. Mai wayo zai taya kyamara, sannan ya ce a haɗa masa da "tarkacen" kyauta. A yi wa kowane abu kuɗinsa daban.

Bayan suna sai lafiya, kuma a nan ne magada suke ɓata kayansu da hannunsu. Abu na farko, kada a buɗe bayan kyamarar sai an tabbatar babu fim a ciki. A hagu ta sama akwai ɗan hannu da ake naɗe fim da shi. A juya shi a hankali ta inda kibiya ta nuna; idan ya yi ta juyawa sakaka, babu komai, idan ya cije, akwai fim, kuma haske na shiga hotunan sun tafi. Wataƙila su ne na ƙarshe da marigayin ya ɗauka. Idan babu fim, a yawancin irin waɗannan kyamarori jan hannun nan sama shi ke buɗe murfin. Za a ga wani siririn labule na ƙyalle ko na ƙarfe a tsakiya. Kada yatsa ya taɓa shi. A ja kunamar tura fim, a danna maɓallin ɗaukar hoto, a saurara. Idan wani abu ya ƙi motsi, a bar shi. Ƙarfi ba ya gyara kyamara, haka man keken ɗinki da kananzir da man gyaɗa, duk kashe ta suke yi.

Sai a cire gilashin a haska fitilar waya ta bayansa, a leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba matsala ba ce. Abin da ke karya farashi shi ne hazo a ciki, ko wasu fararen zare masu rassa kamar saƙar gizo-gizo, wato fumfuna, ko kuma karce. Bushewar ƙasarmu tana rage fumfuna, sai dai jakar da ta yi damina talatin a ɗaki mai yoyo ba ta tsira ba. Namu ciwon shi ne ƙurar hunturu da zafin bazara: zafi yana busar da maiƙon cikin injin, ya mai da soson da ke tare haske a gefen murfi ya zama baƙin danƙo. Wannan soson ana sauya shi da kuɗi kaɗan, don haka kada mai saye ya fake da shi ya zubar da farashi. Ƙurar kuwa yashi ce, wanda ya goge gilashi da bakin rigarsa ya karce shi har abada. A ƙasan kyamarori da yawa akwai murfin batir da ake kwancewa da kwabo. Idan an ga farin gari ko kore a ciki, batir ya fashe, sai a faɗa wa mai saye. Wasu tsofaffin baturan masu kama da maɓallin riga akwai sinadarin makuri a cikinsu, guba ne, a nisanta su da yara.

Farashi kuma ba a ɗaukarsa daga bakin mai talla. A eBay kowa yana iya rubuta kuɗin da ya ga dama. Abin dubawa shi ne sashen kayan da aka riga aka sayar, a nemi samfuri iri ɗaya mai lafiya iri ɗaya. Daga wannan kuɗin sai a cire la'adar dandalin, wadda ta haura kashi 10 cikin ɗari, da kuɗin aikawa ƙasar waje, da ribar wanda zai saya a nan ya kai can. Abin da ya rage shi ne farashin gaskiya a Gagarawa, kuma bai kai na Landan ba. A ɗauki hoton kayan ta kowace fuska, da lambar da ke jikinsu, a nuna wa aƙalla mutum uku da ba su san juna ba: tsohon mai hoto a Gumel ko Haɗeja, mai gyaran kyamara a Kano, da masu sha'awar fim a Instagram ko Facebook. Wanda ya ƙiyasta kada ya zama shi ne mai saye. Duk wanda ya taɓa kai sa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ba a sallamawa a tayin farko.

Wajen karɓar kuɗi, saƙon alat ba shaida ba ne. A buɗe asusu a ga kuɗin da ido kafin kaya su bar hannu. Wanda ya ce daga Turai yake, zai biya ninki uku, amma a fara tura masa kuɗin kwastan ko na rajista, ɓarawo ne. Haka mai cewa akwai wani "jan makuri" mai tsada a cikin tsofaffin kaya, a fasa a ciro. Irin wannan jita-jita ta taɓa tashi a Saudiyya a 2009 kan kekunan ɗinki na Singer, mutane suka yi ta rububi a banza. A haɗu da mai saye da rana, a wurin jama'a, da shaidu.

Kafin duk wannan akwai hukuncin gado. Jakar tana cikin dukiyar da mamaci ya bari, ta dukkan magada ce, har da matan aure da ke wasu garuruwa da marayun da ba su san ana yi ba. Babban wa ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai don yana ganin tarkace ne. A sa ta a lissafi gaban malamin da ke rabo ko alƙali, a rubuta kuɗin da aka ƙiyasta. In wani ɗa yana son ta don tunawa da mahaifinsa, sai a sanya ta cikin kasonsa.

A ganina, abin da ya fi komai daraja a jakar shi ne wanda ake fara zubarwa, wato nagetif da tsofaffin hotuna. Kyamara tana da dubban 'yan'uwa a duniya, nagetif kuwa guda ɗaya ne tak. Mai hoton da ya yi aiki a ƙasar Gumel kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 yana iya riƙe da hawan sallar Sarkin Gumel na shekarun baya, da tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa a kan layin Kano zuwa Nguru lokacin da take cike da fasinja da kaya, da kitso da ɗinkin da aka daina, da fuskokin dattawan da jikokinsu ba su taɓa gani ba. Seydou Keïta na Bamako ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗaukar mutanen gari kamar kowane mai hoto, yana adana nagetif ɗinsa. A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, har wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu ya gano shi. Hotunan suka shiga manyan gidajen tarihi na duniya, bayan rasuwarsa a 2001 kuma rikici kan ɗaruruwan nagetif da aka fitar daga Mali ya kai gaban kotu. A Najeriya ma, taskar Solomon Alonge, mai hoton fadar Benin, tana gidan tarihin Smithsonian a Amurka. Ba kowane mai hoto ne Keïta ba, amma ba a sanin abin da ke cikin ambulan sai an ɗaga shi a haske.

A riƙe nagetif ta gefe, kada a wanke shi, kada a naɗe da roba ko a cusa a leda. A sa shi a ambulan ɗin takarda, a ɗaki mafi sanyi, nesa da ƙasa saboda gara. Wanda ya fara wari mai tsami yana lalacewa ne, a ware shi kada ya shafi sauran, a fara kwafe shi zuwa kwamfuta. A zauna da tsofaffin gida tun suna raye su faɗi sunayen mutanen da ke ciki da shekarar, a rubuta da fensir a bayan ambulan. Don neman shawara akwai Arewa House da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Gidan Makama a Kano, da malaman tarihi a Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Tarayya ta Dutse.

Sayar da kyamara ba sayar da hotuna ba ne, kuma haƙƙin buga hotunan yana bin magada a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka. Akwai kuma mutuncin waɗanda aka ɗauka, musamman matan da aka yi wa hoto a cikin gida don mazajensu kawai. Irin waɗannan a mayar wa iyalansu. Idan wani mai bincike ko ɗan kasuwa ya nemi aron nagetif, a yi takarda: guda nawa ya ɗauka, me zai yi da su, ranar da zai dawo da su, kason magada in an sayar da bugu, da sharaɗin sanya sunan marigayin a ƙarƙashin kowane hoto. Mai unguwa da shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.