Ina Sauran Biyar Ɗin Suka Shiga?

Mutum goma kowace jiha ke kaiwa gasar kokowa ta Takobin Ƙasa a Nijar. Jihohi takwas, 'yan kokowa 80, kuma sai kowace jiha ta kara da sauran bakwai ɗaya bayan ɗaya kafin a zo ga tace gwanaye. Wanda ya sha kaye sau ɗaya ya fita daga neman takobi, amma ba ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Yana ci gaba da shiga fili da sunan jiharsa, kuma idan ya yi sa'a yana iya kayar da wanda bai taɓa faɗuwa ba. Saboda haka mai lissafin ƙarfin tawaga ba ya tsayawa kan gwarzonta na ɗaya. Na bakwai da na takwas su ne ke tare wa gwarzon wata jiha hanya, su gajiyar da shi, wani lokaci su raba shi da takobin tun kafin ya haɗu da naka.

A nan ne maganar Tawa ke ɗaure kai. A garin ne aka buɗe gasar a 1975, zamanin Seyni Kountché, lokacin da Kantu na Maraɗi ya tafi da takobin farko. Ƙasar Adar, wato yankin Tawa, ita ce ta fitar da Kadade da Kasu Kazuga, kuma a 2017 Yahaya Kaka ya riƙe takobi a gida, a filin Hamidine Maïdaré. Ba wanda zai ce Adarawa baƙi ne a wannan sana'a. Duk da haka, zauna a kowace fada ta masu son kokowa a Tawa ka ce a jera maka goman bana. Huɗu ko biyar na farko za su fito daga bakin kowa ba gardama. Daga nan sai a fara tafa hannu, a koma kan tsofaffin sunaye, ko a kawo wani yaro da mutum ɗaya kaɗai ya taɓa ganin kokowarsa. Ƙasar da kowane ƙauye ke da gwaninsa, me ya sa rabin jerinta ke zama da kyar?

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin dattawa ita ce kokowa ta mutu a ƙauye: ƙwallo da waya sun ɗauke hankalin yara, makaɗa sun tsufa, ba mai gadonsu. Wannan magana ana iya gwada ta, kuma wurin gwajin shi ne dandali a lokacin kaka. Na tsaya a wani ƙauye arewa da Tawa, kan hanyar da ke fita zuwa Tabalak, bayan an gama ɗaurin hatsi. Da aka yi sallar isha'i ganga ta tashi. Yara ƙanana suka fara, ana dariya ana zuga su, sannan matasa suka shigo da guraye a ƙugu da layu a damtse. Akwai wani saurayi siriri mai dogayen hannuwa, ba zai wuce shekara ashirin ba. Ba ya gaggawar kamawa. Sai ya duƙa, ya riƙa taɓa kan abokin karawarsa da tafin hannu har ya sa shi ɗago ƙirji, sannan ya nutse ya ɗauke ƙafa. Mutum uku ya kayar a daren nan da dabara guda, kuma duk ukun sun san abin da zai yi, sun kasa hanawa. Mata na guɗa, wani dattijo ya liƙa masa kuɗi a goshi. Duk wanda ya ga wannan dare ba zai ƙara cewa iri ya ƙare ba. Yaran suna nan, da yawansu.

Zargi na biyu ya fi na farko nauyi, domin akwai gaskiya a cikinsa. Ana cewa wasu jihohi na ɗauke 'yan kokowar Adar. Sanannen abu ne cewa ɗan kokowa na iya tashi daga inda aka haife shi ya je ya ɗaura wa wata jiha ɗamara, inda ya sami uban gida ko aikin yi, ko inda layin shiga goman bai kai na gida tsawo ba. Ba Nijar kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka, inda ƙwallon kwando na jami'o'i ke tara dubban 'yan kallo, tun 2018 aka buɗe wata rajista da ɗan wasa ke saka sunansa idan yana son sauya makaranta, kuma duk ƙarshen kakar wasa masu horarwa kan zauna su ƙirga wa ya tafi, wa ya rage, wa za a iya jawowa. Mutum biyar ke shiga fili, amma hankalin mai horarwa na kan waɗanda ke zaune a benci, don su ne ke riƙe wasa idan gwani ya ji rauni ko ya gaji.

Sai dai idan aka bi zargin a hankali, bai rufe ramin ba. Wanda wata jiha ke zawarcinsa shi ne wanda ya riga ya yi suna, wanda aka ji a rediyo aka gani a talabijin. Irin waɗannan ana iya ƙirga su da yatsu, kuma kowa ya san inda suke. Saurayin nan mai dogayen hannuwa ba wanda ya san shi a Yamai ko Agadas balle a yi zawarcinsa. Ɗaukewar na rage kan jerin ne, alhali ciwon yana tsakiya da ƙasa.

Na uku shi ne wanda ake faɗa da ƙaramar murya: son kai wajen zaɓe. Wai masu tacewa na fifita na kusa da su, yaron ƙauye ya zo ya yi kaye a mayar da shi. Ban ɗauki wannan da wasa ba, don inda duk ake rabon wuri goma tsakanin mutane da yawa, ƙorafi ba ya rasa tushe. Amma na je kallon tacewa a matakin farko, inda gwanayen garuruwa ke haɗuwa kafin a tura waɗanda aka zaɓa Tawa, na riƙa duba fuskoki. Yaran da na gani suna tashin ƙura a dandali lokacin kaka ba a zalunce su a wurin ba, domin ba su zo ba sam. Ba a kira sunansu sun faɗi ba, ba a kira sun yi kaye an hana su ba. Wannan ya rage faɗin binciken ƙwarai. Duk abin da ke cinye 'yan kokowar Adar yana cinye su ne a 'yan makonnin da ke tsakanin ɗaurin hatsi da ranar tacewa.

Na kai tambayar wurin wani tsohon ɗan kokowa da ke zama bakin kasuwa, mutum mai kaurin wuya wanda gwiwa ta fara ba shi wahala. Na kwatanta masa saurayin da ƙauyensu. Ya gane gidan.

"Baba, ina yaron nan ya shiga? Ko rauni ya ji?"

"Lahiya tai lau, ɗana. Ya tahi biɗa. Kai da ka zo kallon kokowa, ka leƙa rumbun ubanai?"

Ban leƙa ba, amma na san abin da yake nufi. Arewacin Adar ƙasar duwatsu ce da fako, ruwan sama na zuwa da ƙarancinsa, wata shekara ya yanke ana tsakiyar bunni. Ranar da aka gama ɗauri, maigida ya tsaya ya ƙirga dammuna, ya san watan da rumbu zai kai shi. Abin da ya rage na shekara, ƙarfin samarin gida ne zai cike shi. To wane ne ya fi ƙarfi a gidan? Shi ne dai wannan da ke kayar da mutum uku a dare guda. Jikin da ya sa ya cancanci shiga goman jiha, shi ne ya sa gida ba zai iya barinsa ya zauna ba. Tsohon ya ce in je tasha da asuba in ga tawagar Tawa ta gaskiya. Na je. Samari ne jere da 'yan jakunkuna da bargo a kafaɗa, wasu za su kudu, Abijan ko Legas ko Kwatano, wasu za su bi hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. A 'yan shekarun nan ana yin gasar takobi ne a ƙarshen Disamba. Lokacin da ganga ke tashi a babban fili, su sun yi makonni da barin ƙasa.

Da a ce nan maganar ta tsaya, da an ce an gano. Amma akwai ƙulli ɗaya da ya rage, kuma shi ya fi ba ni wahala. Ci-rani ba sabon abu ba ne a Adar. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, mata ne suka yi mafi yawan ɗaukar duwatsu da haƙar ramukan dashe, saboda mazan ba sa gari. Zamanin su Kadade ma ana tafiya. To me ya sa a da tafiyar ba ta hana fitar da gwanaye jere-jere ba?

Abu biyu suka canza, kuma tsohon ne ya nuna mini na farko. A da, inji shi, mai ci-rani tsuntsun damina ne: ya tafi bayan kaka, hadari na fara haɗuwa ya dawo ya kama kalme. Kowace shekara yana gida lokacin kokowar kaka, jikinsa bai manta ba, idon manya na kansa, har shekarar da albarka ta samu ya zauna ya gwada sa'arsa. Yanzu tafiyar ta yi nisa kuma ta yi tsada. Wanda ya ci bashi ya ƙetare sahara ba ya juyowa bayan wata biyar, sai ya biya bashin ya tara abin aure. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, sannan a Cibarkaten wajen iyakar Aljeriya, ramukan haƙa sun ƙara jan samari, su ma ba su san damina ba. Yaro ya tafi yana da shekara goma sha tara ya dawo yana da ashirin da uku, da ciwon baya da nauyin iyali. Shekarun da ɗan kokowa ke koyon karanta abokin karawa, ya san lokacin jira da lokacin kai hari, su ne daidai waɗanda ya yi yana ɗaukar siminti. Issaka Issaka na Doso bai tara takubba shida ba, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023, sai don ya yi shekara da shekaru bai bar fili ba.

Na biyun ya fito ne da na juya tambayar: maimakon wa ya tafi, wa ya zauna? Na bi waɗanda ke zuwa tacewa ina tambayar abin da suke yi da rani. Wannan yana da garkar albasa a kwarin Tamaske, wancan yana noman rani ko su a bakin tabkin Tabalak, wani yana kabu-kabu a cikin Tawa da babur ɗin wani alhaji, wani kuma wani attajiri mai son kokowa ne ya ɗauke masa cefane. Kusan kowannensu na da abin da ke kawo kuɗi gida ba tare da ya bar ƙasa ba. A da sarakuna da masu hali na riƙe gwanin garinsu don sunan gari, kuma ƙungiyoyin Samariya da aka farfaɗo da su zamanin Kountché sun ba kowace unguwa da ƙauye hanyar tura nata. Wannan riƙon ya yi sanyi. Abin da ya rage shi ne kyautar takobi da kuɗin da ake yi wa wanda ya kai ƙarshe ruwansu, wato lada ga wanda ya riga ya iso. Wanda ke kan hanyar isowa ba shi da komai. Huɗu ko biyar ɗin da kowa ke jerawa ba gardama su ne waɗanda suka sami mai riƙe su. Sauran biyar suna Abijan da Sabha da bakin ramin zinariya.

Ganin haka ya sa ba na yarda da masu cewa gyaran tawagar Tawa sai an kawo sabon mai horarwa ko an tsawaita zaman horo na 'yan kwanaki kafin gasa. Horo na gyara wanda ke nan ne. Aikin sake gini na farawa tun watan Oktoba, a dandalin ƙauye, kafin motocin asuba su kwashe mutane. A sami tsofaffin 'yan kokowa, waɗanda idonsu ya san gwani tun daga tsayuwarsa, su zaga kokowar kaka daga Kalfu zuwa Barmu, daga Keita zuwa Takanamat, su rubuta sunaye. Sannan a je wurin uban yaro, ba wurin yaron kaɗai ba, domin shawarar tafiya ta gida ce. Abin da za a ce masa a fili yake: buhunan da ɗanka zai aiko daga waje, ga madadinsu na wata uku, ko ga fegi a garka da injin ban-ruwa, ka bar mana shi bana. Kuɗin da zai riƙe samari ashirin haka bai kai abin da manyan 'yan kasuwar Adar ke liƙa wa zakara a dare ɗaya na murna ba, kuma hukumomin gari na da hurumin sa hannu.

Akwai kuma wata ƙofa da ba a taɓa sosai ba. Ɗan ƙwallon kwando Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980, ya kai wasan ƙarshe na jami'o'in Amurka a 1983 da 1984. Abin da ya riƙe shi a can ɗaki ne da abinci da karatu, a madadin wasansa. Tawa na da jami'arta, wadda ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya rubuta tarihin Adar, kuma akwai makarantun koyon sana'a. Yawancin gwanayen ƙauye ba su yi bokon da zai kai su jami'a ba, wannan gaskiya ne, amma walda da gyaran babur da aikin famfon sola ba sa neman digiri. Saurayin da ke koyon sana'a a Tawa da safe, ya shiga filin Hamidine Maïdaré da la'asar, ya sami dalilin zama da ubansa zai karɓa.

Shi kuwa mai dogayen hannuwan, na sake tambayar tsohon labarinsa. Ya ce yana Libiya yana aikin gini, ya aiko da kuɗin buhu biyu, kuma ya ce wa mahaifiyarsa sai baɗi in Allah ya kai mu.