Fitilar Injin a Tsohuwar Mota: A Karanta Kafin a Goge

Da yawa daga cikin tsofaffin motocin da ke yawo a Kano, Kaduna da Maraɗi, musamman tokumbo da aka shigo da su daga Amurka da Turai, suna tafe ne da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar injin tana ci a gaban direba. Maganin da aka saba yi mata sananne ne: a cire kan batir na ɗan lokaci, ko rewaya ya zare ƙwan, ko a manne wurin da baƙin tef. Wannan kuwa korar ɗan aike ne tun bai buɗe baki ba. Fitilar ba ta ci haka kawai. Sai kwamfutar motar ta ga wani abu ya kauce, ta ajiye lambarsa, tare da yanayin injin a daidai lokacin, kamar zafinsa da saurin juyawarsa. A yawancin tsofaffin motoci, cire batir yana share duk wannan bayani, ciwon kuma yana nan inda yake.

Karanta lambar ba wani aiki ne mai wuya ba. Tun daga motocin 1996, Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, Turai kuma ta biyo baya da motocin fetur a 2001, na dizal a 2004. Kowace irin wannan mota tana da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin dashbod, kusa da sitiyari. Ana jona na'urar bincike a nan, ko ƙaramar na'urar ELM327 mai magana da waya ta Bluetooth. Misali, lambar P0300 na nufin injin yana tsallake ƙonewa, P0455 na nufin tururin mai yana zurara, sau da yawa saboda murfin tanki bai rufu ba. Motocin da suka girme wannan tsari ma suna da bakin magana: a tsohuwar Toyota, idan aka haɗa ƙafafun TE1 da E1 na soket ɗin bincikenta da guntun waya, fitilar da kanta za ta riƙa ƙiftawa, a ƙirga a fitar da lambar.

Sai dai a nan ne masu na'ura da yawa ke tafka kuskure. Lamba tana nuna sashen da ke kuka ne, ba ta faɗin wane kaya za a canja. P0171 cewa take iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Dalilin yana iya zama tsagewar tiyo, ko datti a sansan iska, ko famfon mai da ya gaji, ko nozul da gurɓataccen fetur ya toshe. Makaniken da ya ga wannan lamba ya tura mai mota sayen sabon sansa nan take, canki-canka yake yi da kuɗin wani.

Wani zai ce motarsa ta shekara da fitilar a kunne, tana kuma tafiya lafiya lau. Wannan magana ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Motoci da yawa an riga an sace ko an cire musu matatar hayaƙin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, don haka P0420, lambar matsalar matatar, ba ta barin su. To amma illar tana nan: fitilar guda ɗaya ce, idan ta daɗe tana ci saboda tsohuwar matsala, sabuwa za ta shigo ba tare da sallama ba. Mai irin wannan mota ya fi kowa buƙatar a riƙa jona masa na'ura lokaci zuwa lokaci. Mai kukan kuɗin bincike kuma ya dubi man da lalataccen sansan iskar salansa ke sa injin ya riƙa ƙonawa a banza, ga yadda farashin fetur ya koma tun 2023.

Gogewa tana da lokacinta, wato bayan gyara, don a gwada ko aikin ya yi. Ko ba a goge ba, fitilar kan mutu da kanta idan motar ta yi tafiya uku a jere ba tare da matsalar ta sake bayyana ba. Idan kuwa ta fara ƙiftawa ana cikin tafiya, injin na tura ɗanyen mai ne cikin salansa, abin da ke iya narkar da matatar. A sassauta ƙafa, a nemi gefen hanya, a sa a duba fulogi da kwail.