Yis ɗin fanke da masana suka karance kundin gadonsa

Duk mai yin fanke, alkubus ko burodi ya san aikin yis: a zuba ɗan cokali a kwaɓi, a rufe, an jima a tarar ya kumbura. Amma da yawanmu ba mu san cewa garin nan mai rai ba ne. Kowane ƙwaro ɗaya nasa halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, tana cin sukari tana fitar da iska, iskar ce ke ɗaga kwaɓin. Masana suna kiransa Saccharomyces cerevisiae.

A watan Afrilun 1996 aka sanar da kammala karanta dukkan bayanan gadon wannan yis, wato DNA ɗinsa, harafi bayan harafi. Shi ne na farko da aka yi wa haka cikin halittun da ƙwayar jikinsu ke da cibiya, rukunin da ya haɗa tsirrai, dabbobi da mu 'yan Adam. Kafin nan ƙwayoyin cuta kawai aka iya karantawa. An samu haruffa kusan miliyan 12 a cikin ƙunshi 16 da ake kira kuromosom, ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 6,000.

Yadda aka yi aikin ne ya fi burge ni. André Goffeau na jami'ar Louvain a Beljiyam ne ya jagoranci ɓangaren Turai, aka rarraba aikin kamar gayya a gona: kowane ɗakin bincike ya karɓi yankinsa, ya karance, ya miƙa. Masana fiye da 600 a Turai, Amurka, Kanada da Japan suka sa hannu. Kuromosom na uku ne aka fara gamawa, a 1992. Abin da ya ci shekaru a lokacin, yau na'ura ɗaya tana yinsa cikin yini. Wani abin dariya kuma, jinsin yis ɗin da aka karanta, mafi yawan asalinsa daga wani ruɓaɓɓen ɓaure ne da aka tsinta a Kalifoniya a 1938.

To me ya shafe mu? A 2015 masu bincike a jami'ar Texas da ke Austin sun ɗauki ƙwayoyin gado 414 waɗanda yis ba ya rayuwa sai da su, suna cire kowace suna maye gurbinta da takwararta ta ɗan Adam. Kusan rabi sun yi aiki, yis ɗin ya ci gaba da rayuwa. Shi ya sa abin da ba za a iya gwadawa a jikin mutum ba, sai a gwada a yis, ga shi da arha, ga saurin hayayyafa. Leland Hartwell ya samu kyautar Nobel a 2001 saboda gano yadda ƙwayar yis ke rabuwa gida biyu, ilimin da ya haska yadda cutar daji ke farawa. Yoshinori Ohsumi na Japan ma da yis ya samu tasa a 2016.

Akwai kuma magani. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jariranmu, da yis ake sarrafa ta tun 1986, kafin ma a kammala karatun. Bayan an kammala, sai aka iya yin abin da ya fi wannan wuya. Jay Keasling da abokan aikinsa a Berkeley sun dasa wa yis ƙwayoyin gado na ganyen tazargade, har ya riƙa samar da sinadarin da ake mayarwa artemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau. Kamfanin Sanofi ya fara sarrafa shi a 2013.

A nan ne ni dai nake rage murna. Mu da zazzaɓi ke kwantar wa 'ya'ya duk damina, an sa mana rai da magani mai arha wanda ba ya jiran girbi. Sai farashin na ganye ya faɗi, na yis ya kasa gogayya da shi a kasuwa. A 2015 kamfanin bai sarrafa ko kaɗan ba, daga baya ma ya sayar da masana'antar da ke Italiya.