Yadda Ake Ɗora Babbar Manhaja a Kan Kwamfutar da Ba Ta da Intanet

Kamar yadda jami'an ƙananan hukumomi da shugabannin makarantu da ma'aikatan asibitocin karkara suka sani, akwai kwamfutoci da dama a ofisoshinmu waɗanda aka tura lungu aka lulluɓe da zane, alhali kuwa babu abin da ya lalace a jikinsu. Sau da yawa abin da ya sami matsala shi ne babbar manhaja, wato wadda take tashi da zarar an kunna na'ura, take kuma riƙe da ragamar sauran manhajoji, kamar Windows ko Linux. Jama'a da dama sun ɗauka cewa gyaran ba ya yiwuwa sai inda akwai intanet, ko kuma sai an ɗora na'urar a kan babur zuwa birni. Ba haka abin yake ba. Intanet sau ɗaya ake buƙatarsa, a wata kwamfutar daban, sauran aikin kuwa filashi ne zai kai shi har ƙauye.

Kafin a tashi zuwa birni, ya kamata a kifa na'urar a rubuta sunan kamfaninta da lambar samfurinta, haka ma na firintar ofis, domin da su ne za a san manhajar da ta dace. Windows 11 tana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki ta aƙalla gigabait 4, da rumbun ajiya na gigabait 64, da wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Ita kuwa Windows 10, kamfanin Microsoft ya daina ba ta kulawar yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Saboda haka, ga tsohuwar na'urar da aikinta bai wuce buga takardu da lissafi ba, shawararmu ita ce a duba Linux Mint. Kyauta ce, tana iya tashi da ƙwaƙwalwar gigabait 2, kuma tana zuwa da LibreOffice a cikinta, wadda ke buɗe takardun Word da Excel. Sai dai idan ofis yana amfani da wata manhaja ta musamman da aka tsara don Windows kaɗai, a tambayi wanda ya kawo ta kafin a sauya.

A birni ne ake yin aikin da ya fi muhimmanci. Za a sauke babbar manhajar daga shafin masu ita, tana zuwa a dunƙule cikin fayil guda mai laƙabin ISO. Na Linux Mint ya kusa gigabait 3, na Windows 11 kuwa ya haura gigabait 5, don haka a tanadi filashi mai gigabait 8 ko fiye, wanda babu komai a cikinsa, domin duk abin da ke ciki zai goge. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure: sai su kwafi fayil ɗin zuwa filashi kamar yadda ake kwafar hoto, su je ƙauye na'ura ta ƙi tashi da shi. Dole ne a rubuta shi da wata 'yar manhaja da aka yi don wannan aiki, kamar Rufus. Haka kuma muna jan hankalin jami'ai da su guji kwafin da ake sayarwa a bakin kasuwa ba tare da an san asalinsa ba, domin akan cusa masa ƙwayoyin cutar kwamfuta.

Bugu da ƙari, a sami filashi na biyu a zuba masa ƙananan manhajojin da masu gyara ke kira direbobi, musamman na firinta, tare da duk wata manhajar da ofis zai buƙata. Abin da aka manta a birni, sai an sake biyan kuɗin mota. Dangane da Windows 11 akwai ƙarin lura, domin yayin ɗora ta takan nemi a haɗa da intanet a kuma shiga da asusun Microsoft. Rufus yana ba da zaɓin cire wannan sharaɗi lokacin rubuta filashi, amma kamfanin yakan sauya tsarinsa lokaci zuwa lokaci. Don haka a gwada filashin a kan wata na'urar da babu bayanan kowa a ciki, tare da katse intanet ɗinta, kafin a kama hanya.

Idan an iso ofis, kada a yi gaggawa. Ɗora sabuwar manhaja yakan share rumbun ajiya baki ɗaya, kuma a cikinsa ne jerin sunayen ma'aikata da takardun albashi da sakamakon jarrabawar ɗalibai da bayanan rigakafi suke. Mun sha jin labarin ofishin da aka gyara masa na'ura ta tashi garau, amma aikin shekaru ya tafi. A fara kwashe waɗannan bayanai zuwa wani rumbu na daban, a buɗe su a wata na'ura a tabbatar suna karantuwa. Ko da Windows ta ƙi tashi, filashin Linux Mint yana iya tayar da na'urar ba tare da ya taɓa rumbun ba, a kwashe fayiloli ta nan, muddin ba a kulle rumbun da lambar sirri ba.

Daga nan sai a soka filashi, a kunna na'ura, a riƙa danna maɓallin zaɓen wurin tashi, wanda yawanci F12 ne a Dell da Lenovo, F9 a HP. A zaɓi filashin, a bi umarnin da ke fitowa a fuskar na'ura. Kwamfutar tafi-da-gidanka a cika batirinta, ta tebur kuwa a tabbatar akwai mai a janareta, domin ɗauke wuta a tsakiyar aiki yana nufin komawa farko.

Inda ake da na'urori masu yawa iri ɗaya, kamar ɗakin kwamfuta na makarantar sakandare, ba sai an maimaita wannan wahala a kan kowace ba. Sai a kammala guda ɗaya tsaf, a ɗauki kwafin rumbunta da Clonezilla, wadda ita ma kyauta ce, a juye wa sauran. Wajibi ne rumbun da za a juye wa kada ya gaza na asali girma, kuma a karanta da kyau wanne ne tushe, wanne ne mai karɓa, domin idan aka juya su, na'urar da aka gyara ce za ta goge. Idan Windows ce, kowace na'ura tana buƙatar lasisinta.

Bayan an gama, a rubuta ranar aikin da sunan manhajar a littafin kayan ofis, a sa filashin a ambulan a damƙa wa jami'in da ke kula da kaya. Kada a ara shi don kwafar waƙa ko fim.