MOTAR HAƘA DA MASHAYAR KARA: ABIN DA MUKA KOYA A MALANVILLE

Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa mai fataucin shanu da zancen tarakta da man haidirolik? To, kuɗinmu ne ya haɗa mu. Duk karar da ta taɓa yin karo-karo don haƙa mashaya, ko fitar da magudanar ruwa, ko gyara wurin lodi, ta san da yini ake hayar motar haƙa, man gas kuma a wuyanmu yake. In ta ci ƙasa, mu ne da riba. In ta yi sanyi, mu ne da asara.

Kowa ya san halin da muka shiga a nan Malanville. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya. A watan Fabrairu 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Tun kafin wannan ma, a Disamba 2019, Benin ta hana makiyayan ƙetare shigo da garkuna kiwo. Sai ya zamana dabbar da a da take kwana ɗaya a hannu ta wuce Faraku ko Kwatano, takan yi kwanaki a turke tana jiran mota ko mai saye. Sa kuwa, ka hana shi ruwa kwana biyu a bazara, dillali ma sai ya kawar da kai. Shi ya sa zancen mashaya ya zama zancen jari, daga Malanville har karar Gene da ke kan hanyar Kandi.

Yadda Muka Sha Da Ƙyar

Mun taɓa hayar wata mota don ta zurfafa mana tafki a bayan wata kara. Tarakta ce ta noma, aka ɗaura mata hannun haƙa a baya. Kwana biyu tana kartar ƙasa kamar kaza, ba ta yi abin kirki ba. A rana ta uku bakanike ya zo ya ce zai ƙara mata ƙarfi, ya ɗaure wani noti. Ta ɗan ci ƙasa kuwa, muka yi murna. Kafin la'asar tiyo ya fashe. Da aka canza, direba ya ciko bokiti ya juya gefen gangare, ƙafa ɗaya ta nutse cikin laka, motar ta karkace sai da muka yi salati. Allah Ya kiyaye, ba a yi rauni ba. Amma kuɗin kwana uku da na janyo ta, duk daga aljihunmu suka fita.

Daga nan muka shiga tambayar masu sani. Abin da muka gano shi ne, ƙarfin haƙa daga tsayuwa yake farawa. Motar da ba ta zauna daram ba, in ta kafa haƙora a ƙasa mai tauri, kanta take ja, ba ƙasar ba.

Da Farko A Zaunar Da Ita

Motocin nan iri biyu ne. Akwai wadda tun daga kamfani aka ƙera ta don haƙa, bokiti babba a gaba, hannu a baya, wadda masu Faransanci ke kira taraktofel. Kamfanin JCB na Ingila ya fara irinta a 1953, kamfanin Case na Amurka ya fito da tasa a 1957. Irin su JCB 3CX nauyinsu ya kai wajen tan 8, suna haƙa zurfin fiye da mita 4. Sai kuma taraktar noma da ake ɗaura wa hannu a wurin da ake maƙala garma. Ita ce mai araha, ita ce kuma mai matsala, domin maƙalar garma don ja aka yi ta, ba don fizga sama da ƙasa ba. Takan karye, wani lokaci ma ta tsaga gidan giya. In irinta za ku ɗauka, ku leƙa ƙarƙashi. In kun ga katakon ƙarfe ya taso daga baya ya kama cikin taraktar har tsakiya, to an yi aikin kirki. In babu, ƙaramin aiki kawai za ta iya.

Sa'an nan ku lura da direba kafin ya fara. Ya kamata ya sauke ƙafafun baya biyu har tayoyin baya su ɗan rabu da ƙasa, ba ya ɗaga ta sama kamar raƙumi ba. Ya kifa bokitin gaba a ƙasa ya danna. In babu bokitin gaba, a rataya ƙarafan nauyi a goshinta, a kuma zuba ruwa a tayoyi kamar kashi uku cikin huɗu.

Ƙasarmu ta bakin Kwara da ta bakin Sota tana da yaudara. Kogin nan sau biyu yake cika: na damina wajen Agusta da Satumba, wanda ya yi mana ɓarna a Malanville da Karimama a 2010, sai ruwan da ke gangarowa daga Gini da Mali, wanda ke iso mu wajen Janairu da Fabrairu. Saboda haka za ka ga sama ta bushe har ta dare, alhali ƙasa da taƙi biyu laka ce. Maganin wannan ba tsada: katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin kowace ƙafa. Kada motar ta matso bakin rami. Gwargwadon zurfinsa, gwargwadon nisan da za ta ba shi. Ƙasar da aka kwaso a zuba ta nesa da baki da aƙalla santimita 60, in kuma a gangare ne, a juya bokiti ɓangaren tudu, a hankali.

Daga Ina Ƙarfin Yake Zuwa?

Famfo ne ke tura mai ta cikin tiyo zuwa silinda, man ya tura sandar ƙarfe. Abu biyu ne a nan, kada a haɗa su. Matsin mai shi ne ƙarfi, yawan man da ke gudu shi ne sauri. Ana auna matsin da ma'aunin da ake kira bar. Ga lissafi irin namu na kasuwa: silinda mai faɗin santimita 8, in matsi ya kai bar 200, tana tura wajen tan 10. In ya sauka zuwa bar 150, saura tan 7 da rabi. Wato kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da muka biya ya tafi, injin kuwa yana ta ruri yana shan gas.

Notin da bakaniken nan ya ɗaure, na bawul ɗin tsaro ne, wanda ke sakin mai in matsi ya wuce kima. Kamfani ya riga ya yanka masa iyaka. A sa agogon awo a gani: in ya gaza iyakar, a mayar da shi daidai. Amma a wuce ta da ka, wannan ba ƙarin ƙarfi ba ne, ƙarin fashewa ne.

Abin da ke cinye ƙarfi galibi ƙanana ne. Matatar mai ta toshe da ƙurar hunturu. Man ya yi baƙi, ko ya yi fari-fari alamar ruwa ya shiga. Robar cikin silinda ta cinye: ku ce direba ya ɗaga bokiti cike ya saki hannu, in yana sauka da kansa, to mai na zurarewa ta ciki. Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ƙasa ta fi dacewa da haƙa, rana a nan takan wuce digiri 40, mai kuwa in ya wuce digiri 80 sai ya tsinke, ya kashe robobi. A fara aiki da asuba, a huta da azahar, a wanke radiyeta. Taraktar noma kuma, da yake famfonta na ɗaga garma ne, ya fi kyau a ba hannun haƙar nasa famfo da nasa tanki, a jona da sandar baya mai juyawa sau 540 a minti.

Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko dala. Haƙoran bokiti in sun dakushe a canza su. In an ci karo da marmara, a sa siririn bokiti, domin ƙarfi ya taru wuri ɗaya. Direban kirki ba ya miƙe hannu can nesa ya ce zai ciro dutse; kusa-kusa yake yanka, kaɗan-kaɗan, yana naɗe bokiti.

Kafin Mu Ba Da Kafin Alƙalami

Shawararmu ga shugabannin kara ita ce, a gwada mota a wurin aikin kafin a biya. In da hali a yi ciniki da girman rami, tsawo da faɗi da zurfi, ba da yini ba. A ce wa direba ya kwantar da bakin da shanu za su sauka, mita 4 a kwance ga kowace mita ɗaya ta zurfi, kada mu haƙa wa maruƙa kabari da kuɗinmu. A kori yara daga inda hannun ke juyawa. Kada kowa ya laluba tiyo mai yoyo da hannu, man yana huda fata. A kara kwali. Wanda kuwa tsautsayi ya sa ya huda shi, asibiti nan take.

Wanda ya taɓa irin wannan aiki a Kamba, ko Gaya, ko Kandi, ya aiko mana da yadda suka yi, mu ƙaru da juna. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kiyaye mana dukiya da rayuka, amin.